Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Pearl Harbor da Kakana Sojan Yaƙin Bama

A makon jiya na tsaya ne a kan isata birnin Honolulu a shekarar 2016 domin ƙarin karatu a fannin aikin gona. Duk wanda ya zauna a tsibirin Oahu, inda Honolulu take a jihar Hawaii ta Amurka, zai lura da yawan sojoji, saboda a nan ne hedikwatar rundunar sojan ruwan Amurka ta tekun Pasifik take. Zuwana ya dace da atisayen RIMPAC na haɗin gwiwar sojojin ruwan ƙasashe daban-daban, wanda aka fara a 1971, yanzu kuma ake yin sa duk bayan shekara biyu. Ƙasashe 26 ne suka shiga a waccan shekarar, har da Sin, wadda aka janye mata gayyata a 2018. Daga kan tudu mutum yana hango jiragen ruwan yaƙi jere a tashar Pearl Harbor, kowane da tutar ƙasarsa, kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ganin na Japan a cikinsu.

Dalilin mamakin kuwa shi ne, a wannan tashar ce, ranar Lahadi 7 ga Disamba 1941, gab da ƙarfe takwas na safe, jiragen saman Japan 353 suka kawo hari a rukuni biyu, bayan sun taso daga manyan jiragen ruwa shida masu dakon jiragen sama. Amurka ta riga ta hana sayar wa Japan man fetur a wannan shekarar, ita kuwa Japan ta yi lissafin cewa idan ta karya lagon rundunar Pasifik, za ta samu sararin mamaye ƙasashen kudu maso gabashin Asiya masu arzikin mai da roba. Amurkawa 2,403 suka mutu, kuma 1,177 daga cikinsu a jirgi ɗaya suke, wato Arizona, wanda bam ya faɗa wa rumbun albarusai.

Sojojin ruwa ne da kansu suke ɗaukar masu ziyara a ƙaramin jirgi zuwa wurin tunawa da Arizona, farin gini da aka buɗe a 1962, wanda ya gitta a kan jirgin da ya nutse ba tare da ya taɓa shi ba. Ana ganin ƙarafan jirgin a ƙarƙashin ruwa, har yau kuma mai yana tsattsafowa daga cikinsa kaɗan-kaɗan. Gawawwaki fiye da 900 suna ciki, shi ya sa ake roƙon mutane su sassauta murya, kamar yadda ake yi a maƙabarta. A ƙarshen ginin akwai bangon farin dutse da aka sassaƙa sunan kowane mamaci da muƙaminsa, tun daga babban hafsa har zuwa ƙaramin matuƙi. Na daɗe a gaban bangon nan ina karanta sunayen mutanen da ban sani ba. A nan Pearl Harbor ne kuma na fara jin labarin Doris Miller, baƙar fata mai hidima a ɗakin abinci na jirgin West Virginia, wanda ya kama bindigar kakkaɓo jiragen sama ya yi ta harbi alhali ba a taɓa koya masa ba, domin a zamanin nan aikin hidima kawai ake ba irinsa.

Kusa da wurin aka ajiye jirgin Missouri, wanda a kansa ne wakilan Japan suka sa hannu a takardar miƙa wuya a mashigin ruwan Tokyo ranar 2 ga Satumba 1945. Ina tsaye a inda aka yi wa alama a daɓen jirgin sai kakana na wajen uwa ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Shi ma Japanawan nan ya yaƙa. Yana cikin dubban 'yan Afirka ta Yamma da Ingila ta kwasa zuwa Bama a runduna ta 81 da ta 82, suka ratsa dazuzzukan Arakan da kwarin Kaladan, wasunsu ɗauke da kaya a ka saboda mota ba ta shiga, har suka ƙwace garin Myohaung a watan Janairun 1945. Da yawa daga cikin sojojin Nijeriya da Hausa suke magana a fagen daga. Muna yara yakan ba mu labarin ruwan sama da ba ya ɗaukewa, da zazzaɓi, da abokansa da aka binne a can, amma sai ranar nan na haɗa labarinsa da abin da ya faru a Pearl Harbor, domin makonni kaɗan bayan harin ne Japan ta kutsa Bama.

Abin da ya dame ni shi ne bambancin yadda ake tunawa da mamatan Amurka da namu. A gida muna da barikin Myohaung da na Arakan a Legas, da na Dalet a Kaduna, duk sunayen wurare ne a Bama, amma kaɗan ne daga cikin masu wucewa ta gabansu suka san asalin sunayen. Muna bikin tunawa da 'yan mazan jiya kowace 15 ga Janairu, sai dai ba kasafai ake ambaton waɗanda suka kwanta dama a Bama ba. Sunayensu suna can a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda ginin tunawa yake ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, nesa da 'ya'yansu da jikokinsu. A ganina haƙƙi ne a kanmu mu kawo sunayen nan gida, mu rubuta su inda zuriyarsu za ta iya karantawa. A daren nan na buga wa mahaifiyata waya na ce, “Inna, don Allah a nemo mini takardar sallamar Kaka daga soja, da lambobin yabonsa.”

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin abin da aka samo a tsohon akwatinsa, da kuma watan Disamban 2016, lokacin da aka cika shekara 75 da harin, Firayim Ministan Japan Shinzo Abe da Shugaba Barack Obama suka ziyarci wurin tunawa da Arizona tare.