Burtsatse a Jikin Katangar Gidan Mai

Akwai aikin da ba na karɓa ko nawa za a biya ni: haƙa burtsatse a jikin katangar gidan mai ko a gangaren garejin kanikawa. Masu gida kan ji haushi. Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Kai yaro, ka haƙa kawai, ruwan ƙasa ai tatacce ne tun daga Allah." Ban ja da shi ba, domin a mafi yawan wurare gaskiya ya faɗa. Yashi da tsakuwa suna tare laka da ƙwayoyin cuta masu yawa. Fetur da danginsa ne ba sa iya tarewa.

Sana'ata ke nan a Kaduna, haƙa rijiya da haɗa famfo, kuma na lura da ido muke auna ruwa. In ya yi garai-garai, an gama magana. In ya yi dauɗa a jefa alam, in ana tsoron amai da gudawa a tafasa ko a ɗiga kulorin. Duk waɗannan maganin laka da ƙwayoyin cuta ne. Akwai wasu sinadarai masu saurin bin iska, irin abin da ke sa warin fetur ya cika ɗaki da zarar an buɗe jarka, waɗanda ke narkewa cikin ruwa ba tare da sun sauya masa launi ba. Alam ba ya kama su, kulorin ba ya kashe su, don ba masu rai ba ne.

Wanda ya fi tayar mini da hankali a cikinsu shi ne benzin, wanda ke cikin fetur. Ɓargo yake yi wa illa, wato inda jiki ke ƙera jini, kuma masana sun daɗe da tabbatar da cewa yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce mikirogiram 10 a lita ɗaya ta ruwan sha. Ɗigo ɗaya tak na tsantsarsa a cikin tankin lita 1,000 da muke ɗorawa bisa rufi ya haura wannan iyaka. Kuma ba ya kayar da mutum yau ko gobe. Ana sha shekara da shekaru, in ciwo ya bayyana kuma babu wanda zai tuna da rijiya.

Ba sai mun tsallaka teku neman misali ba. A watan Agustan 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa wa Shugaba Goodluck Jonathan rahoto kan ƙasar Ogoni a jihar Ribas. A unguwar Nisisioken Ogale da ke ƙaramar hukumar Eleme, masu binciken sun tarar mutane na shan ruwan rijiyoyin da benzin ɗinsu ya ninka iyakar Hukumar Lafiya fiye da sau 900. Tataccen mai mai kaurin santimita 8 ne ke yawo a saman ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, kusa da wani bututun mai. Rahoton ya ce gyaran ƙasar Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Wani zai ce ai can ƙasar mai ce, ina ruwanmu. To, tankin gidan mai da aka binne a ƙasa ƙarfe ne, yana tsatsa, yana yoyo a hankali ba wanda ya gani. Ka duba yadda gidajen mai suka shiga cikin unguwanninmu, katanga da katanga da gidajen jama'a, sannan ka ƙirga burtsatsen da ke zagaye da su. Ni dai har yau ban gane yadda ake ba da izinin wasu daga cikinsu ba.

In na ƙi aiki, maganar da aka fi yi mini ita ce, "To a ƙara zurfi mana." Ga fetur, zurfi yakan ɗan taimaka in an toshe saman rijiyar da siminti yadda ya kamata, domin fetur bai kai ruwa nauyi ba, sama yake tasowa. Sai dai ba dukkansu ne haka ba. Akwai TCE, da ake wanke maiƙo daga ƙarafa da shi a masana'antu, da ɗan'uwansa PCE na masu wankin kaya da inji ba da ruwa ba. Waɗannan sun fi ruwa nauyi. Nutsewa suke yi har sai sun tarar da dutse ko yumɓu, su kwanta, su yi ta narkewa kaɗan-kaɗan tsawon shekaru. Mai haƙan da bai san aikinsa ba zai iya huda yumɓun da ya tare su, ya buɗe musu hanya zuwa ruwa mai kyau da ke ƙasa.

Abin da waɗannan biyu ke iya yi, sansanin sojan ruwan Amurka na Camp Lejeune da ke jihar North Carolina ya nuna shi. Daga 1953 zuwa 1987 sojoji da matansu da 'ya'yansu sun sha ruwa mai TCE da PCE da benzin, daga wani shagon wankin kaya da ke bakin sansanin, da tankunan mai masu yoyo, da sharar wuraren gyara. A 1982 an auna TCE ya kai mikirogiram 1,400 a lita, alhali iyakar da dokar Amurka ta sa yanzu 5 ce. An tabbatar TCE na haddasa sankarar ƙoda, wani bincike da aka fitar a 2023 kuma ya gano ciwon karkarwa na Parkinson ya fi yawa a tsofaffin sojojin wannan sansani fiye da na wani sansanin da ruwansa bai gurɓata ba. Sai a 2022 aka yi dokar da ta ba su damar neman diyya a kotu. Wannan fa Amurka ke nan, da duk ɗakunan gwajinta.

Ba a rijiya kaɗai matsalar ke shigowa ba. Baƙin bututun roba da muke shimfiɗawa, in ya ratsa ƙasar da ta jiƙe da fetur, sinadarin na iya ratsa jikin robar ya shiga ruwa ko da babu tsaga. Shi ya sa ba na bi da shi ta gindin janareta ko ta inda 'yan bumburutu ke juye mai. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur kuwa ta gama aikin ruwa, ko da me aka wanke ta.

Tafasawa fa? Tana kore su daga tukunya, amma ina suka tafi? Cikin iskar ɗakin girki, inda uwargida ke tsaye da goyo a baya. Haka wanka da ruwan zafi a rufaffen banɗaki: abin da ba ka sha ba ka shaƙa, wani kuma ya shiga ta fata. Saboda haka in ruwan gida ya fara warin fetur ko tina, sayen fiya wata don sha bai wadatar ba, har girki da wankan yara a nemi wani ruwan. Rashin jin wari kuma ba shaida ba ce, hanci ba ya kama benzin a ɗan wannan ma'auni.

Gwajin da aka saba yi wa sabuwar burtsatse yakan tsaya ne kan ƙwayoyin cuta da ƙarfe da gishiri. Sai ka faɗa da bakinka cewa sinadaran fetur kake so a duba, kuma ba kowane ɗakin gwaji ke da na'urar ba. A ƙaramar kwalbar gilashi ake ɗiba, a cika ta maƙil ba ko kumfar iska ɗaya, a rufe, a sa cikin ƙanƙara a kai da wuri. In aka ɗiba a gorar roba aka bar ta a bayan mota cikin rana, abin da ake nema ya gudu kafin a isa, sakamako ya fito fes. Matatar da ke kama su ita ce ta gawayi da aka sarrafa musamman a masana'anta, ba gawayin murhu ba, kuma tana ƙoshi, dole a riƙa sauya ta kan lokaci.

In gwaji ya nuna akwai, kada a ɓoye don tsoron faɗuwar darajar gida. A sanar da maƙwabta da mai unguwa, a kai ƙorafi hukumar kula da muhalli ta jiha, domin ruwan da burtsatsenka ke zuƙa shi ne na gidan da ke gangare da kai, kuma can gurɓatar ta nufa.