Tarihin Rayuwata, Kashi Na 17: Kuɗin Da Kawu Ya Ce Na Ci

Makon jiya na tsaya inda jirgin ƙasa ya sauke mu a Hamburg ta Jamus, ni da tsohuwar da nake haya a gidanta a Kharkiv ta Yukren, da 'yarta, da jikarta. Surukinta bai biyo mu ba, don a farkon yaƙinsu da Rasha gwamnatin Yukren ta hana maza daga shekara 18 zuwa 60 barin ƙasa. Amma kafin in ci gaba sai na amayar da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

A gidan suna, gaban su Inna, Kawu na Tudun Wada ya ce wai yaron da aka sayar da gonar fadama don ya zama likita ya koma cin sadakar Turawa. Har ya ɗauko karin maganar Baba ya jefe ni da ita, wai guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Maganar Baba ce, ban musa ba. Da ita ya sallame ni a tasha ranar da zan tafi. Sai dai Baba bai taɓa faɗinta don ya muzanta wani ba.

To bari in faɗi yadda kuɗin suke, tunda Kawu bai tambaya ba.

Ranar 4 ga Maris 2022 Tarayyar Turai ta buɗe wa 'yan Yukren ƙofar kariya ta wucin gadi. Ba sai sun nemi mafaka ba: ga izinin zama, ga izinin aiki, yara su shiga makaranta. Daga 1 ga Yuni kuma Jamus ta mayar da su hannun Jobcenter, ofishin da ke kula da marasa aikin yi na ƙasar. A lokacin mutum ɗaya yuro 449 yake samu a wata, ban da kuɗin haya da na ɗumama ɗaki da inshorar asibiti. A 2023 ya koma 502, a 2024 ya kai 563. In ka juya shi zuwa naira sai ka ɗauka dukiya ce, kuma na san lissafin da Kawu ya yi ke nan. A nan kuwa abinci ne da wuta da takalmin sanyi.

Kuma ba a miƙa shi haka kawai. Wasiƙu suke zuwa, cikin Jamusancin da ko ɗan ƙasa sai ya karanta sau biyu. Tsohuwar tana tara su a gwangwanin biskit, ba ta buɗewa sai na zo. Ta ce, "Ɗana, zauna ka ci tukuna, takarda ba ta gudu." In na ƙoshi mu baje su a tebur, waya a hannuna, ina juya mata su zuwa Rashanci. Ranar ganawa da jami'i kuwa mayafinta mafi kyau take ɗaurawa, ta riƙe lambar layi da hannu biyu. Matar da ta shekara talatin tana koyarwa.

Ni nawa lissafin daban ne. Bam ɗaya muka guje wa, a rami ɗaya na jirgin ƙarƙashin ƙasa muka kwana, amma fasfona kore ne, zamana a Yukren kuma na ɗalibi. Dokar ta ce irinmu sai wanda ba zai iya komawa ƙasarsa lafiya ba. Ban yi wa tsohuwar hassada ba, Allah ya sani. Gidanta aka rusa, ni ina da gidan uba. Hamburg ta ba ɗalibai irina takardar wata shida mu nemi madafa, kuma a watannin nan na karɓi tallafi. Na karɓa, Kawu. Ba na jin kunyarsa.

Ya ce me ya hana ni biyo jirgin Max Air ko Air Peace da gwamnati ta aiko a watan Maris. Abokaina sun biyo. Bayan 'yan watanni hukumar likitoci ta Najeriya ta ce ba ta karɓar karatun da aka ƙarasa ta intanet. In koma in ce wa Baba me game da gonarsa? Komawa jami'a a nan kuma sai ka nuna sama da yuro 10,000 a asusu. Da aka yi rasuwar Baba ma ban samu zuwa ba, ta waya na ji an ɗauke shi, kuma a wannan zaman makokin Kawu ya sake maimaita zancen gatari.

Sai na shiga koyon aikin jinya na shekara uku, irin wanda ake biyanka kana koyo. Ni da na kusa gama likitanci, na koma wanke tsofaffi da juya su a gado da asuba. Tun albashin farko na fita daga littafin tallafi.

'Yar tsohuwar ma ba ta zauna ba. Mai haɗa magunguna ce ƙwararriya, amma sai an amince da takardunta, sai ta ci jarrabawar harshe ta masu wannan sana'a. Ta yi darasin Jamusanci na awa 600. A Oktoban 2023 ministan ƙwadago Hubertus Heil ya fito da shirin Job-Turbo, cewa a kama aiki ko da harshen bai nuna ba, ana kiran 'yan gudun hijira ganawa kusan duk mako shida. Ta karɓi aikin jera kaya a rumbun magani. Da dare tana karatu, mijinta na fagen daga, in waya ta yi ƙara sai jikinta ya ɗauki rawa. Wannan ce mai cin sadaka?

Kuɗin rufin ɗakin Inna da aka yi bara daga albashin nan suka fito. Kawu ne ya kawo kafintan, don haka ya san adadinsu. Har yau bai kira ni ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin azumina na farko a gidan tsofaffin.