Abin da wani aikin tarihi ya tona mini a shagon Kawu

Ina karatun tarihi a Marwa, zangon da ya wuce malaminmu ya ba ni aiki in yi bayani gaban aji kan yaran da aka saka aiki a masana'antun Ingila. Na ɗauka abu ne mai sauƙi, in haddace shekaru in zo in zuba a ba ni maki shi kenan. Ashe abin zai biyo ni har gida.

A masaƙun auduga na Mancesta yara ƙanana ake sa su rarrafa ƙarƙashin injin yana aiki suna tsince auduga, wasu suna ƙulla zaren da ya tsinke, awa 12 ko fiye a rana, yatsa ya tafi ya tafi kenan. A ramin kwal kuwa akwai yaron da aikinsa kawai ya zauna cikin duhu shi kaɗai yana buɗe ƙofar iska yana rufewa in an zo wucewa da kaya, wuni guda. A 1838 ruwan sama ya cika wani rami da ake kira Huskar, yara 26 suka mutu a ciki, ƙaraminsu shekara 7. Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye wayar na fita waje.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar doka. An yi doka tun 1819 ba ta hana komai ba, don ba mai zagayawa ya duba. Sai a 1833 aka sake hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙa, aka ce a ba yara awa 2 na karatu kullum, aka naɗa masu sa ido, mutum 4 kacal wai ga ƙasa gaba ɗaya. Kuma ko sun je ta yaya za su san shekarun yaro, tunda rajistar haihuwa ta gwamnati sai 1837 aka fara ta? Uba ya ce ɗansa ya kai, mai masaƙa ya ce haka ne, magana ta ƙare.

Nan na tuna Garwa. Kawuna yana da shagon walda, akwai wani yaro da aka kawo masa daga ƙauye, ba zai wuce 11 ba, shi ke riƙe ƙarfe in ana walda kuma ba gilashi a idonsa, kau da kai kawai yake. Da dare idon ya yi ja yana ta ruwa sai ka ce an zuba masa yashi, ya kasa barci. Sau nawa na gan shi haka ban taɓa cewa uffan ba, don ni ma a ganina sana'a yake koya. Dokarmu ta Kamaru ta ce sai shekara 14 yaro zai fara aiki, to yaron ko takardar haihuwa ba shi da ita, kuma in babu ita ba zai zauna jarrabawar gama firamare ba.

Ni ban ce yaro kar ya taɓa aiki ba, duk mun je gona mun yi aike, ban ga ya rage mu da komai ba. Wanda ke cin ido da huhun yaro ne ba zan ƙara kira koyon sana'a ba.

Da hutu na samu Kawu bayan la'asar na durƙusa na ce Kawu don Allah ina da magana. Ya saurara har na gama, ya ce ɗana, in na kore shi gidan wa zai ci? Ban da amsa, gaskiya ya faɗa. Na dai sayo gilashin walda da kuɗina, Kawu ya yarda yaron ya riƙa zuwa lekol da safe ya zo shago da yamma. Maganar takardar ce ta rage, babansa ya ce zai shigo gari in an gama cire auduga.