Wasiƙa daga Ingila: neman asali a takardun ƙidaya

Assalamu alaikum 'yan uwana na Sakkwato, ya gida ya iyali, ya zafi? Mu nan sanyi ne ya sa mu gaba.

Wani abu na gani wajen mutanen nan nace bari in ba ku labari. Akwai wata dattijuwa da muke aiki tare, sunan zuri'arsu irin wanda ba kasafai ake ji ba ne, to ta zauna gaban kwamfuta tana bin sunan nan cikin takardun ƙidayar jama'a har sai da ta kai ƙauyen da kakannin kakanninta suka fito. Tun 1801 suke ƙidaya duk bayan shekara 10, daga 1841 aka fara rubuta sunan kowa gida gida da shekarunsa da sana'arsa, in takarda ta cika shekara 100 sai a buɗe ma kowa, ta 1921 ma a 2022 aka sake ta. Ta 1931 gobara ta cinye, 1941 kuma ana yaƙi ba a yi ba. Tace min ƙarancin sunan shi ya taimake ta, da Smith ne ai da ta ɓace cikin dubbai, wahalarta ɗaya malaman ƙidaya kowa da yadda ya rubuta sunan.

To mu fa wannan hanyar ba za ta ɓulle da mu ba, kar wani ya ɓata datarsa. Ƙidayar 1963 da 1991 da 2006 adadi kawai ake fitar mana, ta 1973 ma sokewa aka yi. Kuma ko an buɗe takardun wa za ka nema? Bello Umaru ya haifi Sani Bello, shi kuma ya haifi Aliyu Sani, kafin a kai jika sunan kaka ya tafi. Waɗanda sunansu ya zauna yawanci na gari ne da aka liƙa musu a makarantar boko, irin su Shagari, Tambuwal, Wamakko, wannan kuwa gari yake nuna maka ba jini ba.

Namu asalin yana wani wuri daban. Yana cikin tsagar fuska, yana bakin maroƙan gida masu jero kakanni cikin kirari, da wajen gwaggo da inna waɗanda suka san wa ya auri wa, Torankawa ne ko Sulluɓawa, daga Gobir aka taso ko daga Kabi. Mai son takarda ya leƙa Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu cikin garin Sakkwato, ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da Arewa House a Kaduna inda ake samun rahoton Turawa kan gundumomi da haraji, amma sunan uban ƙasa da hakimi zai fi gani, talaka adadi ne shi ma a can.

Ni dai na tura ma ƙanena kuɗin mota ya je ƙauye ya ɗauko muryar gwaggonmu a waya, nace ya fara tambayarta sunayen matan gidan don su ake fara mantawa. Duk wanda gidansu ke da rubutacciyar salsala ta ajami don Allah ya ɗau hotonta kafin gara ta riga shi.

A gaida kowa da kowa.

Naku, daga Manchester.