Yadda na ɗora wa jirgina inji

Jirgin saman da nake haɗawa Zenith CH 750 ne, mai kujera biyu, irin wanda kamfani ke aiko maka da shi gunduwa-gunduwa cikin akwati, kai kuma ka zauna da littafin umarni ka tayar da shi da hannunka. Injin da na zaɓa masa Rotax 912 ULS ne, ƙirar Ostiriya: silinda huɗu, ƙarfin doki 100, nauyinsa wajen kilo 60 kafin a ƙara masa salansa da lagireto. Ruwa ke sanyaya kawunan silindarsa, iska kuma jikinsu. Yana da giya a gaba, ta yadda idan ya kai juyi 5,800 a minti, farfela ba ta kai 2,400 ba.

Rataya shi bai ba ni wahala ba. Na ɗaga shi da sarƙa, wani abokina ya riƙe shi kada ya yi lilo, muka daidaita shi da mazauninsa, muka zura kusoshi ta cikin robobin da ke shanye girgiza, na ɗaure kowane noti da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, daidai adadin da littafi ya faɗa. Kafin yamma jirgi ya yi hanci. Duk wanda ya leƙo sai ya ce saura tashi.

Aikin da ya cinye mini watanni yana cikin ɗan wurin nan da ke tsakanin bayan inji da bangon ƙarfen da ke kare matuƙi daga wuta. Abin da na fahimta a wurin, wanda kuma ya zama ma'aunin duk abin da na yi daga baya, shi ne inji yana motsi a kan robobinsa, jikin jirgi kuwa yana tsaye. Saboda haka duk abin da ya tsallaka daga wannan zuwa wancan, tiyon fetur ne, wayar wuta ce, igiyar totur ce, dole a bar masa sarari ya lanƙwasa. In ka ja shi ya yi tsam, wata rana zai tsinke a mahaɗarsa. In ka sake shi da yawa, zai riƙa goga wani abu har ya huje. Nakan kama injin da hannu biyu in girgiza shi da ƙarfi, ina kallon abin da ya taɓa wani. Duk inda na ga sun haɗu, sai in raba su da maƙalli mai roba a ciki.

Sai zafi. Salansa tana bi ta ƙarƙashin inji, kusa da tiyon ruwa da na baƙin mai, don haka na nisanta su gwargwadon iko, inda ba hali na sa garkuwar zafi. Tiyon fetur duka na sa musu rigar da ke jure wuta. Noti mai roba a ciki ban yarda da shi kusa da salansa ba, domin robar na saki idan ta ji zafi. Na ƙarfe zalla na sa. Kowace huda da na yi a bangon nan na toshe ta da abin da wuta ba ta ci, kasancewar ƙafafuna ne a bayansa. Wayar kulle kuwa, wadda ake murɗawa don kada kusa ta kwance, sai an ɗaura ta tana jan kusar zuwa ɓangaren ɗauri. In ta ja ta baya, ado ce kawai.

Baƙin mai na wannan inji yana zama a tanki daban, ba a cikinsa ba, kuma wannan ne wurin da na fi yin taka-tsantsan. Kafin tayarwar farko sai an kori iskar da ke cikin layukan. Na cire fulogi, na hura wa tankin iska kaɗan don ta tura man cikin layukan, na riƙa juya farfela da hannu har allurar matsin mai ta ɗaga. Ko duba mai ma yana da ƙa'ida: a kashe makunni, a buɗe murfin tanki, a juya farfela ta inda take juyawa har a ji tankin ya yi gyatsa, sannan a duba sandar auna mai. Ba a juya ta baya, don tana iya janyo iska cikin layin mai.

Kafireto biyu ne, kowanne yana ciyar da silinda biyu, kuma sai sun buɗe tare, in ba haka ba giya ce ke shan girgizar. Abin da ya burge ni shi ne sifirin ɗinsu na jan totur zuwa buɗewa ne gaba ɗaya. Idan igiya ta tsinke a sama, inji zai ba da cikakken ƙarfi maimakon ya mutu. A ƙasa kuwa wannan na nufin sai ka tabbata totur na kulle kafin ka murɗa makunni.

Gwajin kwararar fetur shi ne wanda ba na son kowa ya tsallake. Na ɗaga hancin jirgi kamar yana hawa, na bar mai kaɗan a tanki, na cire tiyo na auna abin da ke zuba. Jagorar hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, tana neman kashi 150 cikin ɗari na abin da inji ke sha lokacin tashi idan mai na gangarowa da kansa, kashi 125 idan famfo ke turo shi. Injin nan na shan kusan lita 27 a awa a cikakken totur, kenan ana neman lita 40 da rabi ko kusan 34 a awa. Nawa ya wuce, na rubuta a littafin aiki.

Ranar tayarwa na ɗaure wutsiyar jirgi, na tokare tayoyi, abokina ya tsaya gefe da abin kashe gobara. Idona na kan allurar matsin mai, domin in ba ta ɗaga cikin daƙiƙa 10 ba, kashewa ake yi nan take. Ta ɗaga. Na bar shi a juyi 2,000, sannan 2,500, har zafin baƙin mai ya kai digiri 50 a ma'aunin Celsius, na gwada layukan wutar fulogi biyu ɗaya bayan ɗaya, na kashe. Daga nan na bi kowace mahaɗa da tocila da farin tsumma ina neman ɗigo, na sake duba maƙallan tiyo bayan sun huce. Yanzu saura in sa murfin inji, in ɗora jirgin a kan sikeli uku in gano inda nauyinsa ya tsaya, kafin in kira mai duba jirage.