Abin da Miƙewar Tsokar Zuciya Ta Koya Mini

Lokacin da muke karatun likita a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, na ɗauka cewa umarni a cikin zuciya hanya ɗaya yake bi: wasu ƙwayoyin halitta da ke ɗakin sama na dama na zuciya su saki lantarki sau 60 zuwa 100 a minti, tsoka kuma ta matse. Sai da na fara zagayen majinyata na gane cewa ita ma tsokar tana da ta cewa.

An kwantar da wata matashiya wadda ciwon maƙogwaron da ba a yi maganinsa ba tun tana yarinya ya ƙuntata mata ƙofar da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciya. Bugunta ya rikice, ni kuwa na duƙufa kan takardar ECG, wato zanen gwajin lantarkin zuciya, ina neman maganin da zai daidaita shi. Malaminmu ya ce mini, "Ɗana, fara duba girman ɗakin saman nan tukuna." Jinin da ya kasa wucewa ya taru ya buɗa ɗakin, kuma a fatar ƙwayoyin tsoka akwai ƙananan kafofi da ke buɗewa idan an ja su, sai sinadaran sodiyom da kalsiyom su kutsa, ƙwayar ta saki lantarki kafin lokacinta. Idan miƙewar ta daɗe, tabo yakan maye gurbin tsoka, igiyar lantarki ta riƙa tafiya a hankali tana kewaya tabon, har ta dawo ta sake tayar da wurin da ta baro.

Ashe tun 1915 Francis Bainbridge na Ingila ya nuna cewa ƙara ruwa a jijiyar kare yana hanzarta bugun zuciyarsa. Haka nan duka a ƙirji, ko da bai karya ƙashi ba, yana iya hargitsa bugun gaba ɗaya idan ya faɗa cikin ɗan taƙin da tsoka ke komawa hutu.

A ganina, mun fi ba takardar ECG muhimmanci saboda ita ce ake tambaya a jarrabawa. Ita dai matashiyar, an ba ta maganin rage ruwa da na rage saurin bugu da na hana daskarewar jini, numfashinta ya sassauta, amma bugun bai koma daidai ba, domin ƙofar tana nan a ƙuntace, aikin tiyata kawai take jira.