Darussa daga haɗa jakar taimakon gaggawa ta tafiya

Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika jakar da ƙwayoyi, a manta da kayan ɗaure rauni. Alhali abin da ya fi samun matafiyi yanka ne, ƙuna, targaɗe da gudawa.

A fara da safar hannu ta roba ƙafa biyu, bandeji biyu, filasta manya da ƙanana, almakashi, hantsaki, ma'aunin zafin jiki, da ƙyallen rufe rauni wanda ke cikin ledarsa ba a buɗe ba, aƙalla guda goma. Goma ba ta yi yawa ba. Idan jini na zuba, dannawa ake yi da ƙarfi minti 10 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. In ƙyallen ya jiƙe, a ɗora wani a kansa, domin cire na farkon yana ɓamɓare jinin da ya fara daskarewa. Auduga kuwa ba a ɗora ta a kan buɗaɗɗen rauni, zarenta na maƙalewa a ciki.

Garin ORS, wato haɗin gishiri da sukari da ake damawa da ruwa a sha, ya fi kowace ƙwayar tsayar da gudawa muhimmanci, don rashin ruwa a jiki ne ke kayar da mutum. A duba jikin fakitin, yawanci ɗaya na lita ɗaya ne na ruwa mai tsabta, kuma abin da ya wuce awa 24 zubar da shi ake yi. Masu rage ruwan wai don ya fi ƙarfi ɓata shi suke yi. Loperamide, ƙwayar tsayar da gudawa, ba a shan sa in akwai jini a bayan gida ko zazzaɓi.

Farasitamol, ga babba, kada ya wuce giram 4 a awa 24, kuma a lura, magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi. Asfirin ba na yaro ba ne.

Sai ma'aji, inda jaka mai kyau ke lalacewa. Zafin mota da aka rufe a rana yana kashe danƙon filasta, yana rage ƙarfin magani. A bar kowane magani a kwalinsa mai suna da ranar daina aiki, ƙwayar da aka juye a leda ba mai gane ta. A jirgin sama, maganin yau da kullum a jakar hannu yake zama, musamman insulin na masu ciwon sukari, wanda sanyin ɗakin kaya kan iya daskarar da shi. Almakashi ne ke tafiya cikin babban akwati.